Dardumar Kurdawa: Bijar, Senne ko Jaf, kuma yaya ake gane shekarunta?

Duk wanda ya shiga shagon darduma a Istambul ko Dubai ya ce saƙar Kurdawa yake nema, za a baje masa kaya iri-iri, kusan kowacce a ce ta haura shekara 100. Kurdawa suna zaune a Iran da Iraƙi da Turkiyya da Siriya, saƙarsu kuwa ba ɗaya ba ce. Kafin ka saurari labarin mai shago, kifa dardumar ka dubi bayanta.

Yawancin Kurdawa ƙullin Turkawa suke yi: ulu ya naɗe zaren tsaye biyu, bakinsa biyu su fito ta tsakaninsu. Idan ka buɗa gashin da yatsa ka ga haka, an fara da kyau.

Idan ƙarko kake so, Bijar ce. Gari ne a lardin Kurdistan na Iran, inda masaƙa ke jiƙa zaren kwance su yi ta dukansa da matsefin ƙarfe har ya matse gam. Shi ya sa dardumar take da nauyi da tauri, har ake mata laƙabi da dardumar ƙarfe. Naɗe ta ake yi, don ninkewa na iya karya zaren cikinta. Tsofaffin na ƙarni na 19 galibi a kan zaren ulu aka saƙa su, na baya-bayan nan kuma a kan auduga. Falon da yara da baƙi ke tattakawa kullum, ita ta dace da shi.

Senne, wato Sanandaj ta yau, babban birnin wannan lardin, saƙarta akasin haka take. Siririya ce, zaren kwance ɗaya tak ake ratsawa tsakanin layin ƙulli, bayanta kuma da kaushi in ka shafa. Zanenta ƙanana ne, a tsare tsaf. Aikin birni ne, don haka wanda ya ce maka saƙar makiyaya ce bai faɗi gaskiya ba.

Ni dai zuciyata tana wajen saƙar Jaf, ƙabilar Kurdawa da ke zaune a ɓangarori biyu na iyakar Iran da Iraƙi, musamman yankin Sulaimaniyya. Zanensu siffar lu'u-lu'u ce mai kusurwa huɗu a jere, kowane da ƙugiyoyi a gefe, ja kusa da shuɗi, kore kusa da ruwan ɗorawa, ba tare da tsarin da za ka iya hasashe ba. Shaidarsu mafi ƙarfi tana baya: masaƙiya takan gusar da ƙulli da zare ɗaya daga layi zuwa layi domin layin karkace ya fito sumul, sai ka ga ƙullin bai hau kan juna a miƙe ba. Yawancin abin da ke kasuwa fuskar jakar kaya ce da aka rabo da bayanta, ƙarama, ulu a kan ulu, gefenta a ɗan karkace. Karkacewar ba aibi ba ce, haka masaƙar da ake shimfiɗawa a ƙasa take fitarwa. Mai ƙaramin ƙarfi da ke son tsohon abu na gaske, nan ya kamata ya fara.

Akwai kuma Kurdawan Kurasan na yankin Kucan a arewa maso gabashin Iran, waɗanda sarkin Iran Shah Abbas ya mayar da kakanninsu can wajen shekarar 1600. Sau da yawa ana sayar da saƙarsu da sunan ta Baluc, wata ƙabila dabam.

Batun shekaru kuwa, rini ya fi komai magana. An ƙirƙiro rinin sinadari na farko a Ingila a 1856, ya isa hannun masaƙan yankin cikin shekarun 1860 zuwa 1870. Buɗa gashin ka kwatanta: idan sama ya koɗe ya zama toka-toka amma gindin yana nan shunayya mai kaifi, rinin sinadari ne na farko-farko, dardumar ba ta girmi wancan zamani ba. Tsohon rini daga saiwar tsiro ake samun ja, shuɗi kuma daga baba, irin wanda marinan Ƙofar Mata suka sani. Launinsa kan sassauta daga sama har ƙasa, kuma za ka ga ratsin da launi ya ɗan sauya inda ulun rini ɗaya ya ƙare aka ɗauko wani. Dubi wuraren baƙi da ruwan ƙasa mai duhu: rinin da aka haɗa da ƙarfe yana cin ulu a hankali, sai wajen ya lotsa ƙasa da sauran. Amma a sani, tun shekarun 1980 aka farfaɗo da rinin gargajiya, saboda haka shi kaɗai ba hujjar tsufa ba ne.

Wata dardumar za ka ga an saƙa mata shekara da lambobin Larabci. 1300 ta Hijira ta yi daidai da 1882 zuwa 1883. Sai dai Iran ta koma kalandar rana a 1925, inda 1300 ke nufin 1921, kuma masaƙiya na iya kwafe lambar daga tsohuwar darduma.

Ana tsufar da sabuwa da gangan, da wankin sinadari ko ruwan shayi ko shanya a rana. Irin wannan koɗewarta ko'ina ɗaya ce, har gezar ta rine. Wadda ta tsufa da kanta, wajen da ƙafa ke bi ya fi lalacewa, bayanta ya yi santsi. Goga farin ƙyalle mai danshi a kan ja: in ya kama launi, ko rini na zuba ko an shafa fenti a ɓoye wajen da ya cinye. Ɗaga ta a haske ka nemi ɓarnar asu da faci. Sannan ka sa mai shago ya rubuta maka a rasit inda aka saƙa ta, kimanin shekarunta da gyaran da aka yi mata, kafin a shiga ciniki.