Zagayen Tehachapi ko Kwanar Takalmin Doki: Ina Za Ka Fara Kai Wayarka?

Assalamu alaikum. Ƙanenmu da ke zaune a Bronx, cikin birnin Niyok, ya ce ya samu hutun kwana huɗu, yana so ya yi tafiyarsa ta farko don kallon jiragen ƙasa na dakon kaya da ɗaukar bidiyonsu. Ba shi da mota, waya kawai gare shi, kuma zai tafi da ɗansa mai shekara tara. Wurare biyu yake ta jin sunansu: zagayen Tehachapi a Kalifoniya, da kwanar da ke kusa da garin Altoona a Fensilbaniya, wadda za ka gani a taswira da sunan Horseshoe Curve, wato kwana mai siffar takalmin doki. Wanne zai zaɓa?

Ƙanena, na tsaya a duka biyun, kuma ina son duka biyun. Amma da wannan hali da ka bayyana, Altoona za ka je. Bari in ajiye maka su gefe da gefe don ka ga inda hukuncin ya fito.

Matsala ɗaya ce ta haifi wuraren nan biyu. Ƙafar jirgi ƙarfe ce, layin dogo ƙarfe ne, kuma ƙarfe ba ya kama ƙarfe sosai. Hawan da mota ba za ta ma ji shi ba, mita 2 a cikin kowace mita 100, ga jirgin da ya ɗauko dubban tan babban aiki ne. Duk wanda ya ga mai tura kurar ruwa ya iso tudu ya san dabarar: ba ya fuskantar tudun kai tsaye, sai ya riƙa karkata hagu da dama, ya tsawaita hanya don hawan ya yi sauƙi. Abin da injiniyoyin suka yi ke nan, kowa da irin tasa karkatar.

A Fensilbaniya, kamfanin Pennsylvania Railroad ne ya so tsallake tsaunukan Allegheny zuwa Pittsburgh. Injiniyansa John Edgar Thomson ya shigar da layin cikin wani kwari, ya lanƙwasa shi a ƙuryar kwarin, ya fito ta ɗaya gefen yana ci gaba da hawa. Lebarori kimanin 450, yawancinsu 'yan ƙasar Ailan, suka sare dutsen da diga da shebur. An buɗe kwanar ranar 15 ga Fabrairu, 1854. Tsawonta kimanin mita 720 ne, kuma tana juyawa digiri 220, ta zarce rabin da'ira. Muhimmancinta ya kai har a 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu, tana cikin wuraren da Jamus ta turo 'yan zagon ƙasa su lalata, sai dai an kama su kafin su taɓa komai.

A Kalifoniya kuwa, kamfanin Southern Pacific ne ya buƙaci hawa daga Bakersfield, mai tsayin kimanin mita 120 daga teku, zuwa ƙolin Tehachapi da ya haura mita 1,200. Injiniya William Hood ya yi abin da ya fi na Thomson ƙarfin hali: ya sa layin ya zagaye wani tudu gaba ɗaya, ya dawo ya bi ta saman kansa. Ma'aikata 'yan ƙasar Sin kimanin 3,000 suka yi aikin, aka gama a 1876. Tsawon zagayen kimanin mita 1,150 ne, kuma a cikinsa layin yana tashi mita 23. Duk jirgin da ya fi zagayen tsawo, in yana hawa, kansa zai wuce ta saman ramin da ke ƙarƙashin layin, wanda wutsiyarsa take shiga a daidai wannan lokacin. Jiragen yau kuwa da yawansu sun haura kilomita 2, wasu har 3.

To, nan ne bambancin da ya shafe ka yake.

A Tehachapi kana sama ne, a bakin titin Woodford-Tehachapi, inda aka yi dandalin tsayawa. Jirgin yana can ƙasa, da ɗan nisa. Idonka zai ɗauke shi gaba ɗaya, daga kai har wutsiya, yana naɗe da tudun kamar rawani. Ban san wani kallo na jirgin kaya da ya kai wannan ba. Ranar da na fara gani, na sauke kyamarar na tsaya kawai, don na ji cewa in na sa ido a gilashi zan yi asarar abin da na zo dominsa. Amma abin da ido ya gani da abin da waya za ta ɗauka ba ɗaya ba ne. A waya, jirgin zai zama siririn zare a jikin tsauni. In ka jawo hoton kusa da yatsa, sai ya dushe, ya riƙa rawa. Wurin yana son kyamara mai gilashin jawo nesa, da mariƙi mai ƙafa uku. Ga kuma iska. Yankin ya shahara da iska har an cika tsaunukan gabashinsa da fankokin samar da wutar lantarki, kuma iskar nan tana cinye sautin bidiyon da aka ɗauka da makirfon waya, sai ka dawo gida da hoto mai kyau da ƙarar buuu daga farko har ƙarshe.

A Altoona kana cikin kwanar ne, a wani fili mai ciyawa da bencina, shinge kawai ya raba ka da layin. Jirgin zai ɓullo ta gefe ɗaya na kwarin, ya zagayo ta gabanka, ya bi ta ɗaya gefen, ya kewaye ka ta fuska uku. Ba zai shiga hoto ɗaya ba, dole ka riƙa juyawa da shi a hankali. Amma waya aikinta ke nan: abu na kusa, mai girma, mai launi. Za ka karanta lambar kan jirgi, za ka ga direba ya ɗaga wa yara hannu. Sai kuma sauti, wanda a ganina shi ne rabin wannan sha'awa tamu. Mai hawa zai zo da ƙugin injin da za ka ji a ƙirjinka tun kafin ka gan shi. Ƙafafun taragai suna goga gefen layin saboda lanƙwasa, suna wani kuka mai tsini da kwarin ke mayarwa. Mai gangarowa kuma kukansa daban ne, wani dogon shewa. Dalilinsa shi ne direban yana mayar da motocin lantarkin da ke juya ƙafafun jirgin su zama janareta, su riƙe jirgin, zafin da suka tara kuma manyan fankoki su fitar da shi ta saman kan jirgi. Duk wannan wayarka za ta kama shi tsaf. Ka saya wa yaron abin toshe kunne, ko ka nuna masa ya sa hannu in kukan ya yi yawa.

Kada ka kashe bidiyo da zarar kawunan gaba sun wuce. Wannan kuskuren kowane sabon shiga ne. A wuraren nan biyu, jirage masu nauyi sukan zo da ƙarin kawuna a tsakiya ko a can baya suna turawa. Wasu direban gaba ne ke sarrafa su ta rediyo, babu kowa a ciki. A Altoona kuma akwai tsohuwar al'adar kawunan taimako, waɗanda ake ɗaura wa jirgi a gindin tsauni su tura shi har sama, sannan su gangaro su kaɗai. Jirgi mai tsawon kilomita 3 da ke tafiyar kilomita 35 a awa zai ɗauki kimanin minti 5 kafin ya gama wuce ka, don haka ka share wayar tun a gida, ka riƙe fawa banki, ka kuma kwantar da ita a kwance.

Maganar yawan jirage, duka biyun ana lissafa su da gommai a yini, amma jiran ba iri ɗaya ba ne. Hanyar Tehachapi a wurare da dama layi ɗaya ce, jirage na tsayawa a gefe suna ba juna hanya. Sai ka yi awa biyu shiru, musamman in masu gyaran layi sun fito, sannan uku su zo a jere. Kwanar Altoona layi uku ce. Da huɗu ne, aka cire ɗaya a 1981. Saboda haka kana iya dacewa da mai hawa da mai sauka sun haɗu a gabanka, wanda shi ne abin da kowa a filin yake addu'ar samu. Jiragen kaya ba su da jadawalin da ake bugawa don jama'a. Masu sha'awar sukan riƙe ƙaramar rediyo mai kama tashoshin reluwe, tsakanin megahaz 160 zuwa 161, suna jin na'urorin gefen layi na sanar da wucewar jirgi da adadin gatarin ƙafafunsa, wato sandunan ƙarfen da ke haɗa ƙafafun biyu-biyu. Ba ka bukatar ta a tafiyar farko. Ka zauna kusa da dattijon da ka ga yana riƙe da ita, ka gaishe shi. Ban taɓa gaida irinsu sun ƙi ba ni labari ba.

Launi ma akwai bambanci. Tehachapi na Union Pacific ne tun 1996, kawunansa ruwan ɗorawa da toka, kuma BNSF mai ruwan lemo yana da haƙƙin bin layin, don haka kamfani biyu za ka gani. Altoona ta Norfolk Southern ce tun 1999, baƙaƙen kawuna masu hoton doki. A 2012 kamfanin ya yi wa kawuna 20 fentin tsofaffin kamfanonin da ya gada, kuma ganin ɗaya daga cikinsu sa'a ce da ake ba da labarinta. Kaya kuwa kusan iri ɗaya ne: kwantena biyu-biyu ɗaya kan ɗaya, dogayen taragan motoci, tankuna, hatsi, sai kwal da ya fi yawa a Fensilbaniya. Mu da muka taso muna jin labarin dalar gyada a Kano da taragan da ke kwashe ta zuwa Legas a kan siririn layinmu mai faɗin milimita 1,067, ganin kwantena bisa kwantena a kan layi mai 1,435 yana sa mutum yin shiru.

Yanzu ga abin da ya yanke hukuncin: zuwa. Tehachapi daga Niyok sai jirgin sama zuwa Los Anjalas, sai hayar mota, sai tuƙin awa biyu ko fiye. Babu jirgin fasinja da ke bin zagayen a kullum. A dandalin babu kuɗin shiga, amma babu inuwa, babu ruwa, babu makewayi, kuma da zafi akwai macizai a cikin ciyawa. Da yaro ɗan shekara tara, jiran awa biyu a nan ba ƙaramin abu ba ne. Altoona kuwa jirgin fasinja na kamfanin Amtrak mai suna Pennsylvanian yana tashi daga Niyok kullum, ya bi ta Filadelfiya da Harrisburg ya sauke ka a tsakiyar gari. Kwanar tana kilomita 8 daga nan, kuɗin tasi kaɗan. Akwai kuɗin shiga, akwai ɗakin baƙi da makewayi, sai matakala 194 zuwa filin kallo. Akwai kuma ƙaramin keken hawa da ke jan mutane sama, amma ka shirya wa matakalar ko da ka tarar ba ya aiki. Wurin yana rufewa da hunturu, kuma ba kowace rana yake buɗewa ba, don haka ka duba kafin ka yanki tikiti. Gidan tarihin ma'aikatan reluwe da ke cikin gari shi ke kula da wurin, kuma ya isa ya cika wa yaron rabin yini.

Wata dabara: ka yanki tikitinka har garin Johnstown da ke gaba da kwanar, ba Altoona ba. Jirgin zai bi da ku ta kan kwanar da yamma, ku ratsa ramin Gallitzin a ƙolin tsauni. Ku kwana can, da safe ku hau mai dawowa, ku sake gangarowa ta kwanar ku sauka Altoona. Ka ga kun gan ta daga ciki sau biyu kafin ku tsaya a gefenta. Tehachapi ba ta da irin wannan. Idan kuma hutun naka zai iya faɗawa watan Oktoba, ganyen tsaunukan yana komawa ja da ruwan goro, baƙin jirgi a tsakiyarsu ba a magana. Lokacin Tehachapi kuwa Maris da Afrilu ne, kafin ciyawa ta bushe.

Abu biyu ba su da bambanci a ko'ina, kuma ina roƙonka ka riƙe su. Layin dogo da gefensa mallakar kamfani ne, shiga laifi ne, kuma jirgin kaya da ke gudun kilomita 90 a awa yana iya cin fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya. Taragai sun fi layin faɗi da kusan mita ɗaya ta kowane gefe, kuma igiyar ɗaure kaya tana iya kwancewa tana lilo. Kada ka tsallake shinge don neman kusurwa, kada ka bar hannun yaron in kuna bakin mararraba. Na biyu, ka riƙe katin shaidarka. An taɓa tsayar da mota kusa da ni a wata gada, jami'in tsaro ya tambaye ni abin da nake ɗauka. Na gaishe shi, na nuna masa bidiyon, na faɗi wane jirgi nake jira, muka rabu lafiya. Ɗauka daga wurin jama'a ba laifi ba ne a Amurka, amma baƙo da kyamara kusa da layin dogo yana jawo tambaya, kuma filin da aka keɓe don 'yan kallo kamar na Altoona yana ɗauke maka wannan gaba ɗaya.

Kafin ranar, ku buɗe YouTube kai da yaron. Akwai kyamarorin da ke nuna wuraren biyu kai tsaye dare da rana. Ku yi mako kuna kallon ta Altoona, ku lura da lokutan da jirage suka fi zuwa, ya koyi bambanta taragon hatsi da na kwal. Tehachapi kuma ka bar ta sai ka samu lasisin tuƙi, da kyamara mai jawo nesa, da makirfo mai rigar kare iska. In lokacin ya yi ka yi mini magana, in Allah ya yarda mu tafi tare, mu isa dandalin tun bayan sallar asuba.