Dr. No da From Russia with Love: wanne ya fi?

Ɗan'uwa, ka tambaya a cikin finafinan James Bond biyu na farko wanne ya fi ginuwa, wanne kuma ya fi barin tasiri. A ginuwa dai na biyun ne gaba.

Darakta ɗaya ne, Terence Young, jarumi ma ɗaya, Sean Connery. Bambancin daga aljihu ya fara. Dr. No na 1962 ya ci kusan dala miliyan 1, From Russia with Love na 1963 kuwa ninkinsa.

Ƙarancin kuɗi ya sa masu Dr. No dabara. Ɗakin da ake miƙa wa Farfesa Dent, yaron mugun fim ɗin, gizo-gizo mai dafi don ya kashe Bond, mai tsara wuraren ɗauka Ken Adam ya gina shi kusan wayam: kujera, tebur, sai zagayayyar taga mai raga a rufi tana zubo inuwa. Ba a kashe wani abu ba, amma tsoro ya cika ɗakin. Wurin da gizon ke hawa jikin Bond kuwa ya ba da matsala. Gilashi aka shimfiɗa tsakaninsa da Connery, kyamara ta tona asirin, dole aka sake ɗaukar wani ɓangare da jikin Bob Simmons, mai shigar wa jarumi wuraren haɗari.

Na biyun ya fi shan wuya. Ana cikin aiki aka gano Pedro Armendáriz, mai fitowa a Kerim Bey, abokin aikin Bond a Turkiyya, yana da ciwon daji, sai aka gaggauta ɗaukar nasa wuraren a situdiyon Pinewood da ke Ingila. Tseren kwale-kwale ya ƙi yiwuwa a Turkiyya saboda jiragen ba su da gudu, aka koma Sikotilan, can ma helikwafta ta faɗa ruwa da Young a ciki, ya tsira. Har ɓeraye sun ba da ciwon kai: fararen ɓerayen gida aka shafa wa garin kokon cakulan don su yi kama da na kwata, suka zauna suna lashe jikinsu. Sai a Madrid aka ɗauka da na gaske.

Duk da haka, faɗan Bond da Red Grant, makashin da aka turo masa, a ƙuntataccen ɗakin jirgin ƙasa, wanda aka yi kusan mako 3 ana ɗauka, babu kamarsa a Dr. No. Yankan mai tace hoto Peter Hunt mai sauri shi ya ba shi zafi.

Tasiri kam raba shi suka yi. Kiɗan Bond na Monty Norman da buɗewar nan ta cikin bakin bindiga daga Dr. No suke. Gajeren ɓangaren da ake nunawa kafin sunaye su fito, da Desmond Llewelyn mai raba kayan aiki, daga na biyun suka fara. Jakar da ya ba Bond tana ɗauke da wuƙa, tsabar zinariya 50, da gwangwanin hoda mai fesa barkonon tsohuwa idan aka buɗe ta ba daidai ba. Da ita aka rufta Grant.