Takalmin hawan dutse na mata: wanda ya cancanci kuɗinki, da yadda za ki kauce wa na jabu

Mai fita hawan dutse ta yini ɗaya, ko a Kufena ta Zariya ne, ko duwatsun Shere na Jos, ko tsaunukan da ke kewaye da Abuja, kayanta ba su cika wuce kilo 5 ba: ruwa lita 2, ɗan abinci, sallaya, waya. Da irin wannan kaya babu abin da za ki yi da ƙaton takalmin nan mai rufe idon sawu. Nauyi ne kawai da zafi, kuma ƙugiyoyin igiyarsa suna kama bakin dogon siket ko abaya, abin da yakan kayar da mutum a gangara. Abin da ya dace shi ne gajeren takalmi wanda ƙafa ɗaya ke tsakanin giram 250 da 400.

Sai dai ƙasarmu tana da nata hali, kuma yawancin bayanan da ke intanet an rubuta su ne don masu tafiya cikin laka da ƙanƙara. Namu falalen dutse ne wanda rana ke gasawa, da tsakuwa mai mirginawa a ƙarƙashin ƙafa, da tsidau da ƙarangiya a gindin dutse. Saboda haka abubuwa uku ne ma'auni: robar tafin ta kama dutse, yatsu su sami sarari, iska ta riƙa shiga.

A cikin duk waɗanda ake samu, wanda ya fi haɗa ukun nan shi ne Merrell Moab Speed 2, samfurin da ba ya da rufin hana ruwa. Tafinsa robar Vibram ce wadda ake kira TC5+, haƙoranta milimita 4. Wannan tsawo daidai yake da dutse, don haƙoran da suka kai milimita 6 ko fiye na taɓo ne, a kan falalen dutse kuwa lanƙwashewa suke yi, ƙafa ta riƙa rawa. Tsakanin tafin da soson da ke samansa, wanda ke ba takalmin taushi, akwai wani siririn faranti da ke hana takalmin murɗewa, shi ne kuma ke tare tsinin dutse kafin ya iso tafin ƙafarki. Za ki san darajarsa bayan awa uku a kan tsakuwa, lokacin da mai sanye da kambas ta fara taka ƙasa kamar tana taka garwashi. Dunduniyar ta fi gaban tsawo da milimita 10, kusan yadda kambas ɗin da aka saba sawa yake, saboda haka sharaɓa da agara ba sa shan wahalar sabo. Samansa yadin nailan ne mai saƙar hana yagewa, an ƙarfafa shi da roba a gefe da kan yatsu. Ƙarangiya ba ta kama shi yadda take kama raga mai manyan ramuka, kuma in ya jiƙe yana bushewa cikin 'yan awoyi a inuwa mai iska. Ƙafa ɗaya ta na mata ba ta kai giram 350 ba.

Gabansa ma yana da ɗan faɗi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙafar da ta saba da silifas yatsunta a baje suke, haihuwa kuma takan ƙara wa ƙafar mace faɗi da tsawo, sau da yawa ba ta komawa yadda take. Mata da yawa suna nan riƙe da lambar da suke sawa tun suna 'yan mata, alhali ƙafar ta wuce nan.

Aibinsa guda biyu ne. Robar TC5+ ba ta kai Vibram Megagrip kama jiƙaƙƙen dutse ba, kuma soson yana da tsawo, don haka mai raunin idon sawu sai ta kula a inda ƙasa ta karkace. Amma a san cewa dutsen da gansakuka ta rufe da damina babu robar da ke kama shi, kowace iri ce. Kewaya shi ake yi.

Akwai yayansa, Moab 3, wanda ya fi shi suna da ƙarko, kuma shi aka fi cin karo da shi a gwanjo. Kafin ki ɗauka ki sani cewa kamfanin da kansa ya rubuta cewa fatar samansa ta alade ce. Masu sayarwa da dama ba su ma san haka ba. Ana gane fatar alade da ƙananan ramukan gashi da ke zuwa uku-uku a jikinta, kuma ana amfani da ita wajen shafin cikin wasu takalman fata. Wadda wannan ya dame ta sai ta tsaya a kan na yadi da roba zalla, kuma ta duba da kyau don shi ma Moab Speed 2 yana da samfurin fata.

Sauran kuwa, kowanne akwai abin da ya sa ya zo baya. Salomon X Ultra yana riƙe ƙafa sosai a gangara, igiyarsa ta ja-ka-tsuke tana sauƙaƙa cirewa lokacin alwala, amma matsattse ne a gaba, kuma in igiyar ta tsinke shumeka ba shi da irinta. Altra Lone Peak ya fi kowa sararin yatsu, sai dai dunduniyarsa da gabansa tsawo ɗaya ne, wadda ba ta saba ba za ta kwana biyu tana ɗingishi da ciwon sharaɓa. Hoka Speedgoat yana da Megagrip da taushi kamar katifa, amma akwai wuraren da soson ke a fili a ƙasan tafin, ƙaya tana samun hanya. Keen Targhee faffaɗa ne mai ƙarfi, ya dai fita daga sahun marasa nauyi. La Sportiva TX4 ya fi su duka kama dutse, amma na masu rarrafe da hannu da ƙafa ne, a doguwar hanya tauri gare shi.

Duk inda kika ga an rubuta GTX ko Gore-Tex, to takalmin yana da shafin hana ruwa a ciki. Mai shago zai nuna miki shi a matsayin babbar daraja, ya kuma ƙara kuɗi. A zafin Maris da Afrilu wannan shafi yana tara gumi, fata ta yi laushi, bororo ya fito. Da damina kuma gajeren takalmi ta sama ruwa ke shigarsa, in ya shiga kuwa shafin da aka yi don hana shi shiga shi ne zai hana shi fita. Sai dai in za ki riƙa tafiya da asuba cikin raɓar ciyawa a wuri mai sanyi kamar Jos ko Mambila, a nan yana da amfani.

Lambar takalmi, in ta yi kaɗan, ita ce ke ɓata farce. A gangara ƙafa tana zamewa gaba, babban yatsa ya yi ta dukan bakin takalmi sau dubbai, jini ya taru a ƙarƙashin farce, ya yi baƙi, bayan makonni ya fita. Sabon farce kuma yakan ɗauki kusan shekara kafin ya cika. Maganin abin tun a wajen saye ne. Ki je gwaji da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar da za ki yi tafiyar da ita. Ki zare shimfiɗar cikin takalmin ki ajiye a ƙasa ki taka a tsaye: tsakanin yatsanki mafi tsawo da bakin shimfiɗar a sami kusan santimita 1 zuwa 1.5, wato faɗin babban yatsan hannu, kuma gefen ƙafarki kada ya zubo waje. Ki mayar, ki ɗaure igiya har ramin ƙarshe, ki sauko daga matakala ko ki buga gaban takalmin a ƙasa. In yatsa ya taɓa, ƙara rabin lamba. In dunduniya tana ɗagawa kina tafiya, wannan samfurin bai dace da ƙafarki ba, ƙara lamba ba zai gyara ba. Ki gwada ƙafa biyun, don ɗaya takan fi ɗaya. Kada ki dogara da 38 ko 39 kawai, kamfanoni sun bambanta. Ki auna ƙafarki a kan takarda da santimita, ki kwatanta da lambar CM da ke cikin harshen takalmin. Lambar Amurka ta mata kuma ta fi ta maza da kusan 1.5, saboda haka 8 na mata ba 8 na maza ba ne.

Safar auduga tana riƙe gumi, a nemi ta ulu mai laushi ko ta zaren roba. Bayan alwala a kan hanya ki tsane ƙafa sosai, har tsakanin yatsu, kafin ki mayar da safa.

Duk wannan bayani kuwa ba zai amfane ki ba in abin da kika saya jabu ne, kuma jabun takalman nan sun cika kasuwa da shafukan sayarwa na Instagram da WhatsApp. Na gaskiya sabo a ƙasashen da ake sayar da shi ya haura dala 100, kafin kuɗin jirgi da ribar ɗan kasuwa. Wanda ya ce miki sabo ne dal a kwali kuma kuɗinsa bai kai rabin haka ba, ya riga ya gaya miki abin da yake sayarwa. Kalmomin "kwafi mai kyau" da "na kamfani ne aka fitar ta bayan gida" duk sunan jabu ne. A kwalliyar biki jabu ba ya cutar da kowa, amma a kan falalen dutse tafinsa na roba mai arha santsi yake kamar sabulu.

Ki fara da tafin. Tambarin Vibram ɗan rawaya ne mai kusurwa takwas, an narka shi cikin robar, rubutunsa a fito sarai. Na jabu yakan zama fenti ko ɗan liƙi wanda farce ke ɗagawa. Ki danna haƙori ɗaya da farce: robar kirki tana ɗan nutsewa ta dawo, kuma in kin goga ta a siminti za ki ji tana cijewa. Ta jabu ko dai tauri kamar bokiti ko laushi kamar soson silifas. Ki kama gaba da baya ki murɗa kamar mai matse wanki, na gaske zai yi gardama, kuma in kin lanƙwasa shi a gindin yatsu kawai zai lanƙwashe. Wanda ya naɗe biyu daga tsakiya ba shi da faranti a ciki. Sai ki ɗaga harshen ki karanta takardar da ke liƙe: lambar samfurin Merrell tana farawa da J sannan alƙaluma. Ki rubuta ta a Google a nan gaban mai shago. Dole hoton da zai fito ya zama wannan takalmin da wannan launin, kuma lambar ta yi daidai da ta jikin kwali da ta ɗaya ƙafar. Ki sansana ciki, warin gam mai hawa kai alama ce. Ki duba inda tafi ya haɗu da sama, in gam ya tsattsafo ya bushe ko ɗinki ya karkace, ajiye. In ta waya za ki saya, ki nemi bidiyon takardar harshe da na tafin, na ainihin takalmin da za a aiko, kuma a yi sharaɗin mayarwa kafin ki tura kuɗi. Wanda ya turo miki hoton da ya ɗauko daga shafin kamfani ya ƙi ɗaukar na hannunsa, rabu da shi.

Gwanjo ya fi jabu sau goma, amma shi ma da nasa tarko. Takalmin irin wannan yakan yi kilomita 500 zuwa 800 kafin soson ya mutu, kuma yawancin na cikin dila sun ci rabin wannan tun kafin su iso. Ana wanke su, a shafa musu fenti, a cusa takarda su miƙe. Ki duba gefen soson, in ya yi tamoji masu zurfi kamar fatar tsohuwar jaka, ya gama aiki. Ki ajiye ƙafa biyun a kan tebur ki dube su ta baya, wanda ya karkata gefe zai karkatar da ƙafarki ya jawo targaɗe. Haƙoran dunduniya da na ƙarƙashin babban yatsa in sun shafe sun koma ƙasa da milimita 2, babu sauran kamu. Ki sa hannu cikin dunduniya, in yadin ya huje har robar ciki ta fito, ita ce za ta ci miki fata.

Mafi haɗari shi ne wanda ya yi shekaru a ajiye ba a taɓa sawa ba. Yana sheƙi kamar sabo, amma gam ɗin ya mutu, kuma in soson na sinadarin PU ne, danshin iska ya riga ya ruɓar da shi daga ciki. Irinsa ne ke buɗe baki a tsakiyar hawa, tafin ya rabu gaba ɗaya, a bar mutum a kan dutse mai zafi da safa. Ki nemi watan da shekarar ƙira a takardar harshe in akwai, abin da ya wuce shekara 5 a yi hattara da shi. Ki tura babban yatsa da ƙarfi a gefen soson, in ya tsage, ya yi gari ko ya yi danƙo, ko kyauta aka ba ki kada ki hau dutse da shi. Ki ja bakin tafin a gaba da baya, ko ɗan ɗagawa ya yi, zafin dutse zai ƙarasa shi. Shumeka zai ce zai ɗinke miki, amma ɗinki a irin wannan soso yagewa yake yi, sai dai a kankare tsohon gam a sa sabo a matse shi yini guda.

Bayan kin saya, ki yi tafiyar kilomita 3 zuwa 5 da shi a unguwa sau uku ko huɗu kafin ranar fita, duk inda zai ci ki zai nuna tun a nan. Kin dawo daga dutse, ki zare shimfiɗar, ki kakkaɓe yashi, ki cire ƙayar da ta maƙale a tafin, ki wanke da ruwa da tsohon buroshi ki shanya a inuwa. Kada ki bar shi a rana ko a but ɗin mota, zafin da ke taruwa a ciki yana sassauta gam ɗin tafin.