Kamfanin da ya kwashe kayan ɗiyata zuwa masaukin ɗalibai

Babbar ɗiyata ta shekara 18 tana kwana a ɗaki ɗaya, kuma sai ranar da muka tsaya a bakin ƙofarsa da niyyar tattara kayanta zuwa masaukin ɗalibai na jami'a muka san yawan tarkacen da ɗaki ɗaya yake iya haɗiyewa. Motata ƙarama ce, tafiyar ta awa huɗu ce, ni kuma ciwon baya ya daɗe da hana ni ɗaukar abu mai nauyi. Da na lissafa na ga sai mun yi sawu uku, sai na nemi wani ƙaramin kamfani da ya ƙware wajen kwashe kayan ɗalibai da na masu tashi daga ɗaki ɗaya zuwa wani. Abin da zan faɗa a nan shi ne abin da idona ya gani, mai daɗi da marar daɗi.

Ba su turo kowa gida don duba kayan ba. Wata ma'aikaciyarsu ce ta kira ɗiyar tawa ta bidiyo, ta ce ta zagaya da wayar cikin ɗakin, ta buɗe durowa da ƙarƙashin gado, sannan ta yanke cewa akwatuna takwas za su isa, ban da katifa, teburin karatu, kujera da ƙaramin firji. Kwana biyu kafin ranar tashi aka kawo akwatunan a matsayin aro. Na roba ne masu kauri, kowanne yana cin lita 60, murfinsu a manne yake da jiki, kuma a gindinsu akwai lamba 5 a cikin alamar nan mai kusurwa uku, wato irin robar da ba ta saurin tsagewa idan an danne ta. Wannan tsari ya burge ni ƙwarai, domin duk wanda ya taɓa ɗaure kwali da salatif, ya ɗaga, gindin ya ɓalle, ya san darajar akwatin da ake jera shi bisa ɗan'uwansa ba tare da ya lotsa ba. Kowane akwati yana da lambarsa da ɗan makullin roba wanda ba ya buɗuwa sai an tsinke shi, saboda haka mai kaya yana da tabbacin cewa ba a sa hannu a ciki ba a hanya.

A kan waɗannan akwatuna ne kuma babban ƙorafina ya taso. Ma'aikaciyar ta auna kayan da girmansu, ba ta yi maganar nauyi ba ko sau ɗaya, alhali ta ga kantar littattafai cike tun daga sama har ƙasa. Ɗiyata, wadda ba ta taɓa tashi daga gida ba, ta yi abin da kowa zai yi: ta cika akwatuna biyu maƙil da littattafai da takardu, ta danne murfi, tana murnar ta iya shiri. Takarda kuwa aba ce mai yaudarar ido. Ƙunshi ɗaya na farar takardar A4 mai falle 500 yana kai kilo biyu da rabi, kuma idan aka cika akwatin lita 60 da littattafai zalla, nauyinsa yana haura kilo 35. Da ma'aikatan biyu suka iso da safe, babban cikinsu ya kama hannun akwatin, ya ɗan jinjina, ya sauke a hankali, ya dube ni ya ce: "Malam, wannan sai an raba shi, don ko mun ɗauka, hannun akwatin ba zai kai mu mota ba." Gaskiyarsa ce, ban yi musu ba. Sai dai zazzage akwatuna biyar da sake cuɗa littattafai da tufafi ya cinye mana kusan minti 40, kuma an sa wannan lokacin a cikin lissafin da na biya. Laifin na ofishinsu ne, domin jimla ɗaya a waya ta isa ta hana faruwar haka.

Aikin mutanen biyu kuwa ba ni da abin cewa a kansa sai yabo. Sun riga lokacin da aka yi alkawari isowa, sun zura katifar a cikin babbar leda kafin ta taɓa ƙasa, sannan suka kwance ƙafafun teburin. Abin da ya fi tsaya mini a rai ɗan ƙarami ne: ƙaramin cikinsu ya tattara kusoshin teburin a tafin hannunsa, ya ƙirga su, ya zuba a wata 'yar leda, ya manna ta a ƙarƙashin teburin da salatif, ya nuna wa ɗiyata wurin da yatsa ba tare da ya ce uffan ba. Firjin a tsaye suka ɗaure shi da igiya a jikin bangon motar, suka kuma gargaɗe ta da kada ta jona shi da wuta sai ya yi 'yan awanni a tsaye a sabon ɗakin, saboda man da ke cikin injinsa yakan gangara cikin bututu idan an jijjiga shi, kuma yana bukatar lokaci kafin ya koma mazauninsa. Sau biyu na miƙa hannu zan taya su, sau biyu ɗiyata tana cewa: "Baba, don Allah ka bar musu, ka tuna da bayanka." Haka na koma gefe, na tsaya kusa da mahaifiyarta wadda ta zauna a bakin gadon da babu katifa tana ninke wani tsohon mayafi da ba ya cikin kayan tafiya, yayin da ƙanen yarinyar yake auna bango da taku, yana lissafin inda zai sa nasa teburin.

Ina shawartar duk mai niyyar ɗaukar irin wannan kamfani ya karanta takardar yarjejeniya tun kafin ranar tashi, ba a tsaye a bakin mota kamar yadda na yi ba. A cikin tasu an rubuta cewa ba su da alhakin kwamfuta, waya, kuɗi da takardun shaida, don haka waɗannan a jakar ɗiyata suka yi tafiya, kuma hakan daidai ne. An kuma rubuta cewa abin da mai kaya ya shirya da hannunsa, idan ya fashe a cikin akwati, ba za su biya ba. Fitilar karatunta ta isa da tsagaggen gilashi, kuma da na kira washegari an amsa mini cikin ladabi, aka karanta mini wannan sharaɗin, magana ta ƙare. Ban ji daɗi ba, amma ba zan ce an zalunce ni ba, tunda da hannuna na sa hannu.

Ɗakin da aka ba ta a hawa na uku yake, ginin kuma ba shi da lif. Sun hau sun sauka fiye da sau goma ba tare da sun ɓata fuska ba, suka ɗaura teburin, suka tambaye ta gefen da take son gadonta ya fuskanta, wanda ni kaina ban yi tunanin tambaya ba. Sharaɗin mayar da akwatunan cikin mako guda da farko na ɗauke shi takura, daga baya na ga amfaninsa, domin na san halin 'yata: da kwalaye ne, da har ƙarshen zangon karatu suna jibge a lungu ba a buɗe ba.

Idan shekara ta ƙare za ta sake tashi, kuma su zan sake kira, amma littattafai a ƙananan kwalaye za su tafi, fitila da madubi kuma a kujerar bayan motata. Akwati na takwas ma bai kwana a can ba, domin ɗakin ɗalibi bai kai rabin wanda ta baro ba. A motata ya dawo gida da makullinsa ba a tsinke ba, mahaifiyarta ta juye kayan a durowar da aka fitar da su da safe.