Wankin oyil kula: aikin ogan ya yi, yaransa ne suka ɓata min rai

Golf 3 ɗina mai inji 2.0 ta kusa wata biyu tana ɗigar da baƙin mai. Duk inda ta kwana, da safe sai in tarar da tabo daidai ƙarƙashin filta. Da zafin Afrilu ya kankama sai ta ƙaro wani: in na shiga cunkoson Kurna a Kano da rana, jar fitilar mai ta riƙa ƙiftawa in mota na tsaye, in na taka totur ta ɗauke. Bakaniken da na saba da shi ko durƙusawa bai yi ba, ya ce famfon mai ne, wataƙila har da metal, wato ƙarafan da sandar cikin inji ke juyawa a kansu, sai an sauke inji. Kuɗin da ya lissafa min ya hana ni barci.

Wani abokin aikina ne ya ce kar in bari a taɓa injin sai na kai wa wani dattijo a bayan Ƙofar Ruwa, wanda Golf da Sharon kaɗai yake yi. Alhamdulillahi da na ji maganarsa. Mutumin nan ya goge wurin tas da tsumma, ya sa aka tayar da mota, ya tsuguna kusan minti biyar bai ce uffan ba. Can ya yafito ni. "Alhaji, zo ka gani da idonka. Injinka bai yi komai ba, ga inda man yake yoyo." Man yana fitowa ne ta saman wani ɗan akwatin alminiyam da filta ke ɗaure a jikinsa, wanda suke kira oyil kula. A cikinsa baƙin mai ke bi ta hanya ɗaya, ruwan lagireto ta ɗaya, siririn ƙarfe ne ya raba su, ruwan ya riƙa zuƙe zafin man. Shekarata shida da motar ban taɓa sanin da shi ba.

Ya cire filta, ya kwance noti mai lamba 27, ya zare tiyo biyun ruwa. Robar da ke tare man ta bushe ƙamas, yana lanƙwasa ta ta karye gida biyu. Da ya juya akwatin ya buga a tafin hannunsa kuwa, jan taɓo ne ya zubo kamar ƙasar gini. Ya tambaye ni ruwan da nake zuba mata, na ce na 'yan garuwa. Ya ce to shi ne ya haifi tsatsar da ta toshe hanya, ruwa ba ya wucewa, man ya yi zafi ya tsinke, shi ya sa fitila ke ƙiftawa in inji ya yi ƙasa. Ɓangaren mai ya wanke da kananzir, na ruwa da ruwan zafi da omo, ya yi ta busawa da iska har abin da ke fitowa ya zama garau.

Abin da ya fi burge ni gwajin da ya yi. Ya toshe bakin ruwa ɗaya, ya aika aka jawo tiyon iskar mai faci ya sa a ɗaya bakin, ya tsoma akwatin cikin bokiti kamar yadda ake neman huji a tub. Ko kumfa ɗaya bai taso ba. Ya ce da ya ga kumfa ba zai wanke ba, sai dai a sayo wani, domin in ya huje daga ciki man ya fi ruwa ƙarfi, shi zai shiga lagireto ya koma kamar kunun gyaɗa, a nan ne ake ce wa mutane gasket ya ƙone a buɗe musu kan inji a banza. Na sayo sabuwar roba, filta, lita 4 na baƙin mai 20W-50 da jarkar kulan, wato ruwan lagireto na musamman mai hana tsatsa. Duka har da kuɗin aikinsa bai kai na cika tanki ba. A ranar, da za a ce in ba shi maki, goma cif zan ba shi.

Sai dai bayan la'asar ya tafi ta'aziyya, ya bar wa yara haɗawa. Aikin da aka ce awa biyu sai da aka kira magariba, ga shatin baƙin hannu a kujera da sitiyari. Wannan duk na haɗiye.

Ranar Asabar muka kama hanyar Zariya, da Hajiyarmu da yara uku a baya. Mun wuce Kwanar Dawaki kaɗan na ga allurar zafi ta miƙe, tururi na fitowa ta gefen bonet. Na tsaya na buɗe, ashe ɗaya daga tiyon nan biyu ba a ɗaure kilif ɗinsa ba, an dai zura shi kawai. Ruwan da ke malala a ƙasa kuma ruwa ne zalla, babu alamar kulan ɗin da na saya, bayan bayanin da ogansu ya yi min a gabansu. Tsohuwa mai hawan jini ta yi sama da awa a rana har inji ya huce. Wani direban Sharon ne, Allah ya saka masa, ya tsaya ya ɗaure min ya ba ni ruwa. Da hankalina bai kai kan allurar ba, injin da aka ceto min ranar Laraba da ya ƙone ranar Asabar.

Litinin na koma raina a ɓace. Dattijon bai yi musu ba, ya ba ni haƙuri, ya yi wa yaran faɗa sosai, ya zubar da ruwan ya sayo kulan da kuɗinsa. Jarkata dai har yau ba wanda ya ce ga inda ta shiga, kuma wannan ne ya fi tsaya min a rai. Yanzu mako uku ke nan, ba ɗigo, fitilar ba ta sake ƙiftawa ba ko a cunkoson Kurna. Zan koma wurinsa, amma sai ranar da na tabbata yana nan, kuma ba zan gusa ba sai na ga ya ɗaure kilif na ƙarshe da hannunsa.