Kwas ɗin dokar ƙasa da ƙasa da na yi daga gindin darbejiya

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye ta wajen Ringim. Da aka gama girbin gero na shiga wani kwas na share fage kan dokar ƙasa da ƙasa da haƙƙin ɗan Adam, irin wanda jami'a ke koyarwa daga nesa. Lacca da takardu duk a waya suke zuwa. Ajina kuwa gindin darbejiyar bayan masallaci, don nan kaɗai sabis ke kamawa.

Makonnin farko sun gundure ni. Tarihin Turai ne zalla, ga Turanci mai nauyi, sai na karanta shafi sau uku kafin ya shiga. Da aka zo kan sanarwar haƙƙin ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 10 ga Disamba 1948 mai sassa 30, malamin ya ce ƙasashe 48 sun amince, 8 sun ƙaurace, har da Saudiyya, sai ya wuce abinsa. Haba Malam! A nan da aure da saki da gado duk gaban alƙali ake kai su, ai wannan ce gaɓar da ya kamata a tsaya a warware. Sanarwar Alƙahira ta 1990 ma, wadda ƙasashen Musulmi suka fitar, layi biyu ta samu.

Amma da aka iso gida, kwas ɗin ya biya kuɗinsa. A nan na gane cewa sa hannun Najeriya a kan yarjejeniya bai mai da ita doka ba, sai Majalisar Tarayya ta zartar, kamar yadda sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya tanada. Sai kuma shari'ar Hadijatou Mani, 'yar Nijar da aka sayar baiwa tana shekara 12. A 2008 kotun ECOWAS ta samu gwamnatin Nijar da laifin gaza kare ta, ta sa a biya ta sefa miliyan 10. Ranar na daɗe a zaune riƙe da waya, har aka kira magariba. Da can na ɗauka irin waɗannan kotuna na shugabanni ne da rikicin iyaka kamar na Bakassi.

Wanda zai shiga ya tanadi data, ya kuma riƙa sauke laccoci duk ranar da ya shiga gari, don bidiyo ɗaya yakan lashe kuɗin cefanen yini. Jarrabawar ba ta da tsanani.

Kwanaki maƙwabcinmu ya zo da dare, an kama ɗansa kan rigimar iyakar gona. Na ce, "Baba, sashe na 35 na tsarin mulki ya ce in akwai kotu cikin kilomita 40, kwana ɗaya ne a kai shi gabanta." Ya ce in rubuta masa. Na yage takarda daga littafin darasi na rubuta, ya ninke ta ya cusa a hula.