ESP32 ko Raspberry Pi: wa zai kula da famfon ban ruwa?

A ce kana son famfon lambu ya riƙa duba hasashen yanayi a intanet, in za a yi ruwa ya ƙi tashi. Raspberry Pi cikakkiyar kwamfuta ce mai Linux. Da ɗan shiri a yaren Python za ta ɗauko bayanan shafin hasashen yanayi na OpenWeatherMap, ta ajiye na watanni. Sai dai tana cin wuta, kuma ɗaukewar lantarki ba zato kan lalata katin SD ɗinta (memorin da take ajiye komai a ciki), abin da mu nan ba baƙonmu ba ne.

ESP32 kuwa ɗan guntun allon lantarki ne mai Wi-Fi a jikinsa, ga araha. Yakan farka, ya tambayi yanayi, ya kunna famfo, ya koma barci, ƙaramin faifan sola ya ishe shi. Ƙwaƙwalwarsa ce ƙarama. Don famfo ɗaya, ni shi zan ɗauka.